Shafin ya ce sai da Chrome: a hannun wa mudun yanar gizo yake?

Ɗan_Kurna
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya ƙanwata ta zo a cike mata fom ɗin wata makaranta. Muka buɗe shafin a kwamfutata da Firefox, komai ya tafi daidai har muka iso wurin ɗora hoto, sai maɓallin ya ƙi motsi. Mu danna, mu sake dannawa, shiru. Can ƙasan shafin na hango an rubuta da ƙananan baƙaƙe wai a yi amfani da Chrome. Washegari ta je kafe, ko minti biyar ba a yi ba aka gama.

Abin ya tsaya min a rai, don na yi zamanin da shafuka ke cewa sai da Internet Explorer, kuma na san gwamnatin Amurka ta maka Microsoft a kotu a 1998 kan batun burawuza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. Yau kusan mutum biyu cikin uku a duniya da Chrome suke shiga intanet. To ƙa'idojin yanar gizo har yanzu na kowa ne, ko sun koma abin da kamfani ɗaya ya ga dama? Ni dai a ganina ramin da aka fito aka sake faɗawa.

Abba_Gwale
Wa alaikumus salam. Yaya, me ya hana ka sauke Chrome ɗin a kwamfutarka? Kyauta ce fa. Ni ban ga babakere a abin da ba a sayar maka ba.

Injiniya_Zariya
Malam Ɗan_Kurna, laifin farko na wanda ya gina shafin ne. Ɗora hoto ba sabon abu ba ne, kowace burawuza ta iya shi. Ya gwada aikinsa a wuri ɗaya, ya ga ya yi, ya karɓi kuɗinsa. Amma tambayar ita ce me ya ba shi ƙarfin halin yin haka, kuma a nan maganarka take da ƙafa.

Mutane suna ganin burawuzoji da yawa, sai su ɗauka akwai zaɓi. Abin dubawa shi ne injin da ke ciki, wanda ke karanta HTML da CSS, harsunan da ake rubuta shafi da su, ya zana maka shafin. Manyan injina uku suka rage: Blink na Google mai Chrome, WebKit na Apple mai Safari, da Gecko na Mozilla mai Firefox. Edge, Opera, Brave, Samsung Internet, duk Blink ne a cikinsu. Opera ta ajiye injinta a 2013. Microsoft da kanta ta sanar a ƙarshen 2018 cewa za ta bar nata, sabuwar Edge ta fito a Janairun 2020 a kan Chromium, tushen da aka gina Chrome a kansa. Jikin mota daban-daban, inji ɗaya. Don haka mai gina shafi idan ya gwada a Chrome, ya san ya rufe mafi yawan mutane, masu Firefox kuwa ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Wa zai biya shi ya ɓata kwana biyu a kansu?

Baba_Mai_Kafe
Allah ya saka, Injiniya. Ni na riƙe kafe tun lokacin da yara ke kwana suna lilon dare saboda ya fi araha. A duk kwamfutocinmu alamar "e" mai shuɗi ita ce intanet. Yaro zai shigo ya ce Baba buɗe min intanet, yana nufin wannan alamar. Ba wanda ya zaɓe ta, da Windows ta zo. Burawuzar Netscape sai dai mu ji labarinta wurin waɗanda suka yi karatu a waje.

Abba ɗana, ita ma Internet Explorer kyauta ce. Da kyautar aka kashe Netscape.

Sani_Tudun_Wada
Ai shi ya sa kotu ta raba Microsoft gida biyu. A yi wa Google haka a huta.

Barista_A
Malam Sani, ba a raba ta ba. Bari in jero yadda aka yi don kada a tafi da kuskure.

Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 sun shigar da ƙara a Mayun 1998. Zargin shi ne Microsoft ta yi amfani da ƙarfin Windows ta ɗaure Internet Explorer a jikinta, ta matsa wa masu ƙera kwamfuta kada su cire ta, don ta toshe wa Netscape hanya. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya yarda cewa babakere ne, a Yunin 2000 ya ba da umarnin a raba kamfanin biyu, ɗaya na Windows ɗaya na sauran manhajoji. Kotun ɗaukaka ƙara a 2001 ta tabbatar Microsoft ta karya doka wajen kare babakerenta, amma ta soke umarnin rabawa, har ta cire alƙalin daga shari'ar saboda hirarrakin da ya yi da 'yan jarida. Aka ƙare da sulhu a ƙarshen 2001.

Abin da ya fi shafar tambayar Ɗan_Kurna shi ne shaidar wani babban jami'in Intel, Steven McGeady. Ya gaya wa kotu cewa wani shugaba a Microsoft ya bayyana dabararsu da kalmomi uku: a rungumi ƙa'idar da kowa ke bi, a yi mata ƙarin da ba ya aiki sai a kayanka, sannan a kashe abokin gasa. Haka aka yi da Java. Kamfanin Sun ya yi ta don manhaja ɗaya ta yi aiki a kowace kwamfuta, Microsoft ta fitar da nata samfurin mai ƙarin da sai a Windows. Sun ta kai ƙara a 1997, aka sasanta a 2001 Microsoft ta biya dala miliyan 20.

Kafin a gama duk wannan Netscape ta riga ta faɗi, AOL ta saye ta. Shari'a tana tafiya da ƙafa, kasuwa tana gudu.

Sani_Tudun_Wada
Na gode Barista, na karɓi gyara.

Injiniya_Zariya
In ƙara a kan maganar Barista. Illar ba ta fito sosai ba sai bayan an ci yaƙin. Internet Explorer 6 ta fito a 2001, kason Microsoft ya haura kashi 90 cikin ɗari, daga nan ba a ga ta 7 ba sai 2006. Shekara biyar yanar gizo tana tsaye wuri ɗaya. W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo da Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, tana da ƙa'idojinta a rubuce, amma masu gina shafuka abin da IE6 ke yi shi suke bi, har kurakuranta. Idan takarda ta ce dama, burawuza ta ce hagu, hagu ake yi, domin ita mutane ke riƙe da ita.

A yi adalci kuma, Netscape ma ta yi nata son ran lokacin da take sama. Ita ta kawo alamar da ke sa rubutu ƙyaftawa, Microsoft ta mayar da martani da mai sa rubutu tafiya, ba wanda ya jira W3C. Kuma XMLHttpRequest, dabarar da ke sa shafi ya sabunta kansa ba tare da an sake loda shi ba, daga Microsoft ta fito.

Hajiya_Mai_Hatsi
Ni ba 'yar kwamfuta ba ce, hatsi nake sayarwa, amma na fahimci zancen nan sarai. A kasuwa kowa ya san tiya da mudu. Ka zo daga Ɗambatta, na zo daga Bichi, idan aka ce tiya goma mun san abin da ake nufi. To a ce babban dila ɗaya, wanda yawancin buhunan kasuwa nasa ne, ya wayi gari da nasa kwanon ya ce da shi zai riƙa awo. Ba sai ya tilasta kowa ba. Mu ƙanana da kanmu za mu je mu sayi irin kwanonsa, don da shi muke ciniki. Ko kwanon ya fi na da kyau, ranar da ya so ya ɗan buge gindinsa wa zai hana shi?

Abba_Gwale
Hajiya, misalin ya yi, amma akwai bambanci. Chromium a buɗe take, kowa zai iya duba yadda aka ƙera kwanon, ya ɗauka ya yi nasa. IE a rufe take. Kuma IE barci ta yi, Chrome kuwa kusan kowane wata sai ta sabunta. Yau a burawuza ake kiran bidiyo, a yi aikin ofis, a duba taswira. Google ta zuba kuɗi da injiniyoyi a wannan. Don mutum ya yi abu mai kyau jama'a suka bi shi, sai a ce ya yi laifi?

Barista_A
Abba, a dokar Amurka girma ba laifi ba ne, kana da gaskiya a nan. Laifin shi ne hanyar da aka bi aka riƙe girman.

Injiniya_Zariya
Ƙanina Abba, a buɗe take don karantawa, amma wa ke cewa wannan gyaran ya shiga, wancan kada ya shiga? Galibi ma'aikatan Google ne. Ɗauka ka yi naka kuma ba wasa ba ne. Idan Microsoft da duk dukiyarta ta ga riƙe injin kanta bai biya ba, wa zai iya?

Duba abubuwan da suka faru. A 2015 Google ta fito da AMP, tsarin gina shafuka masu saurin buɗewa a waya, jaridu suka yi ta gina shafukansu a kansa saboda a lokacin masu shi ne ke samun gurbin labarai a saman sakamakon bincike a waya. A 2021 ta fara gwada FLoC, tsarin da burawuza da kanta za ta jefa ka cikin rukuni don talla. Sauran masu burawuza suka ƙi, ta janye a farkon 2022 ta kawo wani a madadinsa mai suna Topics. A 2023 wasu injiniyoyinta suka gabatar da Web Environment Integrity, wanda zai ba shafi damar tambayar ko burawuzarka amintacciya ce kafin ya buɗe maka. Mozilla da Brave da Vivaldi suka yi ca, aka ajiye shi a Nuwamban shekarar. Sai Manifest V3, sabuwar ƙa'idar ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome, wadda ta sa cikakken uBlock Origin mai toshe talla ya daina aiki a cikinta. Google ta ce don tsaro ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma kamfanin da yawancin kuɗinsa daga talla yake, shi ne ke yanke iyakar abin da mai toshe talla zai iya yi. Wannan kaɗai ya isa a damu.

Ka lura kuma, waɗanda aka janye an janye su ne domin akwai sauran masu cewa a'a.

Malam_Ɗan_Hausari
Ina bin zancen. Shin wannan bai shiga ihtikari ba? Hadisi ya zo a Muslim cewa ba mai yin ihtikari sai mai saɓo.

Ustaz_Gusau
Allah ya gafarta Malam, ihtikari a wurin malaman fiƙihu ɓoye kaya ne, musamman abinci, har ya yi tsada. A nan ba a ɓoye komai ba, rabawa ma ake yi kyauta. Ni misalin Hajiya ya fi zauna min. A tsarin hisba na da, cikin aikin muhtasibi akwai zagaya kasuwa yana duba ma'aunai, kuma ba a ɗora wannan aiki a kan babban ɗan kasuwar garin. Mai awo daban, mai duba mudu daban. Wallahu a'alamu.

Ɗiyar_Maraɗi
Sannunku ƴan uwa. Ina so in faɗi abin da ƙa'ida ta kowa ta yi mana mu masu rubuta Hausa. Da can idan za ka buga ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ka sami wani font na musamman da aka sauya wa wasu haruffa siffa. Ka aika wa wanda ba shi da shi, sai ya ga shirme. Na taɓa buga jarrabawar yara gaba ɗaya, aka kai wata injin bugawa, duk ƙ ta koma wata alama, sai da muka bi da biro muna gyarawa takarda bayan takarda. Yanzu da Unicode, ƙa'idar da ta ba kowane harafi lambarsa, na rubuta ƴ irin tamu ta Nijar a nan, ku a Najeriya kuna ganinta ko da wace waya kuke. Domin ba kamfani ɗaya ne ya mallaki lambar harafin ba. Harshe irin namu, da ba shi ne gaban kowane kamfani ba, shi ya fi kowa buƙatar ƙa'idar da ba ta hannun mutum ɗaya.

Baba_Mai_Kafe
Ɗiyata kin tuna min. Har yau akwai tsofaffin takardu a wurina da ba sa karantuwa saboda wannan.

Nura_iPhone
Kowa Google, Google. Apple fa? A iPhone ko Chrome ka sauke ko Firefox, WebKit ne a ciki, domin dokar shagon Apple ce ta ce haka. Sai a 2024 dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta tilasta ta buɗe ƙofa, shi ma a ƙasashen Turai. Wannan ai ya fi na Google tsanani.

Injiniya_Zariya
Gaskiya ne Nura, kuma nan ne abin ya rikice. Masu gina shafuka da yawa suna kukan Apple tana jan ƙafa wajen ƙara wa Safari ƙarfi don kada shafuka su yi gogayya da manhajojin shagonta, inda take cin kaso. A ɗaya gefen, wannan tilascin nata ne ya sa har yau dole a gwada shafi a wani injin da ba Blink ba. Idan aka buɗe iPhone gaba ɗaya, wataƙila Chrome ce za ta cinye nan ma. Ni kaina ban san wanne zan zaɓa ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ba. Tun 2019 W3C ta amince ƙa'idar HTML ta zauna a hannun WHATWG, ƙungiyar da mutanen Apple da Mozilla da Opera suka fara a 2004. Kwamitin da ke jan ragamarta kamfanoni huɗu ne: Apple, Google, Microsoft, Mozilla. Biyu a cikinsu injinsu ɗaya.

Barista_A
Ta huɗun kuma, Mozilla, mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake, ladan sanya binciken Google ya zama na farko a Firefox. Wannan ya fito fili a shari'ar baya-bayan nan. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ta riƙe babakere a harkar bincike ba bisa doka ba. An nuna a kotu cewa a 2021 kaɗai ta biya dala biliyan 26.3 don ta zama zaɓin da ke zuwa a saite a wayoyi da burawuzoji. Gwamnati ta nemi a tilasta mata sayar da Chrome. A Satumban 2025 alƙalin ya ƙi, ya hana yarjejeniyoyin da ke cewa ita kaɗai, amma bai hana biyan kuɗin ba. Cikin dalilansa akwai cewa yanke kuɗin zai cutar da masu karɓa, irin su Mozilla.

Malam Sani, ka ga karo na biyu ke nan ana neman rabawa ba a samu ba.

Abba_Gwale
To ai kun ga. Google ce ma ke ciyar da Firefox ɗin da Yaya yake ƙauna.

Hajiya_Mai_Hatsi
Ɗana, wanda abokin gasarsa ke ciyar da shi, yaya zai ɗaga masa murya ranar da ta ɓaci?

Ɗalibi_a_Seoul
Ina karatu a Koriya ta Kudu, kuma a nan an ga ƙarshen irin wannan hanya. A ƙarshen shekarun 1990 Amurka ta taƙaita fitar da fasahar ɓoye bayanai mai ƙarfi, sai Koriya ta ƙirƙiri tata mai suna SEED. Hanyar da aka bi aka sa ta a burawuza ita ce ActiveX, wadda ba ta aiki sai a Internet Explorer. Bankuna, shagunan intanet, shafukan gwamnati, duk suka ginu a kai. Fiye da shekara goma duniya ta koma Firefox da Chrome, su suna ɗaure. A 2014 shugabar ƙasa Park Geun-hye da kanta ta koka cewa masu saye daga China sun kasa sayen kaya a shagunan Koriya saboda wannan. Sai a 2020 aka soke dokar da ta fifita takardar shaidar da tsarin ya dogara a kanta. A nan ba Microsoft ce ta tilasta musu ba, hukuma ce ta gina gidanta a filin wani. Shi ya sa labarin fom ɗin Ɗan_Kurna ya dame ni fiye da shari'o'in Amurka.

Sani_Tudun_Wada
Mu a nan ba mu da hukumar da za ta yi magana ne?

Barista_A
Akwai FCCPC, hukumar Najeriya wadda dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta kafa. Ita ce ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan bayanan masu amfani da WhatsApp da Facebook. Amma tara kaɗai ba ta cika juya kasuwa ba. Turai ta sa Microsoft ta riƙa nuna wa mutane allon zaɓen burawuza daga 2010, allon ya ɓace daga wata sabuntawar Windows 7 fiye da shekara guda, mutum kusan miliyan 15 ba su gan shi ba, aka ci ta Yuro miliyan 561 a 2013. A lokacin Chrome ta riga ta sha gaban IE. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne sharaɗin kwangila: duk ma'aikata ko makarantar da za ta ba da aikin gina shafi ta rubuta cewa dole ya yi aiki a injina uku kafin a biya.

Baba_Mai_Kafe
A haɗa da ƙananan wayoyi, Barista. Yawancin masu zuwa wurina ba don ba su da waya suke zuwa ba. Suna da ita, da Opera Mini a ciki saboda tsimin data, shafin ne ke ƙin buɗewa.

Abba_Gwale
Wannan sharaɗin na yarda da shi. Amma har yanzu ban yarda Chrome ta zama IE ba. IE an yi mata ritaya a Yunin 2022 ba wanda ya yi kuka. Chrome mutane da hannunsu suke sauke ta a Windows, alhali Edge na zaune a ciki.

Nura_iPhone
A Windows ke nan. A Android fa? Da ita wayar ke zuwa. Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34 a 2018, kuma haɗa Chrome da bincikenta da shagon Play yana cikin dalilan.

Ɗan_Kurna
Na gode muku duka, na ƙaru. Abba, ban ce Chrome ba ta da kyau ba, kuma da alama zan sauke ta saboda irin wannan rana. Abin da ke damuna shi ne ban zaɓa ba, shafin ne ya zaɓar min. Na rubuta wa sashen kwamfuta na makarantar na gaya musu maɓallin ɗora hoto ba ya aiki a Firefox. Ban sami amsa ba tukuna.

Injiniya_Zariya
Malam, turo min adireshin shafin ta akwatin sirri in duba da daddare. Idan abin da nake zato ne, layi biyu ko uku ne za a gyara. Sai in rubuta maka bayanin yadda mai shafin zai gane, ka haɗa da saƙonka na biyu.

Ɗiyar_Maraɗi
Injiniya, idan ka buɗe ka duba mana ko wurin rubuta suna yana karɓar ɗ da ƙ. Wani fom da na cike bara ya ƙi sunan garinmu sai da na cire ƙugiyar.